Rairayi da gudron: abin da ƙafa ta gano daga Cadawa zuwa Gazawa da Gidan Rumji

 

Cadawa gari ne na bakin babbar hanya. Gudron ɗin da ya taso daga Yamai, ya bi ta Dosso da Ƙonni da Gidan Rumji da Maraɗi, shi ne ya ratsa Cadawa ya wuce Agye da Gazawa da Tasawa, har Damagaram da Diffa. Hukuma na kiransa hanya mai lamba 1. Daga Maraɗi zuwa Cadawa wajen kilomita 40 ne, kuma daga nan hanyar Mayahi ke ballewa ta yi arewa. Sai dai duk wadda ta san garin ta san gudron ɗin nan ɗan siriri ne. Da kin sauka daga kansa kika yi ƴan taku, kin faɗa rairayi, kuma rairayin ne zai raka ki har gida, har gona, har rijiya.

Ke nan kowace mace a yankinmu ƙasa iri biyu take takawa, mai taushi da mai tauri. Wacce ta fi cin ƙarfi? Wacce ta fi cin gwiwa? Ɗiyanmu mata da ake sa su gudu a lakwal, ina ya dace su yi koyo? Mu huɗu muka yi zagayen zumunci bayan girbi, gabas har Gazawa, yamma har Gidan Rumji. Duk inda muka sauka sai mun duba ƙasar wurin, mun kuma tambayi masu ita.

Jigawar Cadawa

Manomanmu sun daɗe da raba ƙasa gida uku. Akwai jigawa, rairayi mai sauƙin noma wanda ruwa ke shigewa nan da nan. Akwai geza, mai ƙarfi, wadda in ta bushe sai hauya ta yi ƙara a kanta. Akwai fadama, laka ta bakin gulbi. Cadawa da kewayenta jigawa ta fi yawa, shi ya sa gero da wake da gujiya ke yi, shi ya sa kuma aya ta sami gida. Ayar ƙasar Cadawa da Agye ta yi suna har cikin Najeriya.

Duk wadda ta taɓa aikin aya ta san abin da yake yi wa ƙasa. Ana ƙone ganyen, a tone ƙasar, a tankaɗe ta da rariya, a sheƙe, ƴaƴan su rage. Abin da ake bari a gonar kamar gari yake. In kin bi ta ciki ƙafa na nutsewa har idon sawu, iska kuma na kwasar sa ta zuba kan hanya.

A bayan gari muka tarar da wata tsohuwa tana kalen aya. Bayan gaisuwa muka ce, "Inna, hanyar ƙauyenku da nisa?"

Ta ce, "Ɗiyana, da wace ƙafa? In da damina ce, an yi ruwa da dare, kafin rana ta yi zafi kun isa. Yanzu kuwa ku riƙe ruwan sha."

Hanyar guda ce, tsawonta bai ƙaru ba. Ruwan sama ne ke ɗaure rairayi ya tsaya wa ƙafa, rani kuma ya kwance shi.

Abin da masana suka auna

Maganar Inna an taɓa auna ta da na'ura. A shekarar 1998 wasu masana a ƙasar Beljiyam suka shimfiɗa busasshen rairayi, suka sa mutane tafiya da gudu a kansa, sannan a kan ƙasa mai tauri, suna auna iskar da jikinsu ke ci. Suka samu cewa tafiya cikin rairayi na cin ƙarfi ninki 2.1 zuwa 2.7 na tafiya a kan tauri. Gudu kuwa ninki 1.6 yake ci.

Mu mai da shi lissafin gida. Kilomita 4 cikin busasshen rairayi mai zurfi, a wurin jiki daidai yake da wajen kilomita 8 zuwa 11 a kan gudron. Idan kin dawo daga gona kin ji kamar an dake ki, alhali gonar ba ta da wani nisa, ba ragwanci ba ne. Aikin ne ya ninka.

Dalili biyu ne. Na farko, duk takun da kika yi sai ƙafa ta tura rairayi ƙasa da baya, kuma ƙarfin da ya tafi wajen tura shi ya tafi ke nan. Na biyu, agarar da ke bayan diddige kamar danƙo take. A kan ƙasa mai tauri tana miƙewa in kin taka, sannan ta koma ta cilla ki gaba, ta mayar miki da wani abu daga cikin ƙarfin da kika kashe. A cikin rairayi babu abin dogara da zai sa ta yi wannan aiki sosai, sai naman sha-raɓa da na cinya su biya kuɗin duka. Shi ya sa haki ke zuwa da wuri.

To amma rairayi na da nasa alheri. Yana shanye bugun ƙafa, girgizar ba ta hawa ƙwauri da gwiwa da ƙarfi kamar a gudron. A ƙasar Ostireliya an taɓa raba mata ƴan wasa gida biyu na tsawon mako 8, wasu na atisaye a rairayi, wasu a filin ciyawa. Sakamakon da aka fitar a 2014 ya nuna masu rairayi zuciyarsu ta fi aiki, numfashinsu ya fi ƙaruwa, kuma tsamin jiki bai dame su kamar ƴan uwansu ba. A taƙaice, rairayi na cin numfashi yana sassauta wa gaɓoɓi. Tauri na rage wahalar numfashi, amma bugun na komawa wuri ɗaya a ƙafa, taku bayan taku.

Bido a kai

Mu dai ba hannu rabbana muke tafiya ba. Akwai bido, akwai itace, akwai goyo.

A 1986 an auna matan ƙabilun Luwo da Kikuyu na ƙasar Kenya, waɗanda su ma da kai suke ɗaukar kaya. Aka ga suna iya ɗaukar abin da ya kai kashi 20 cikin 100 na nauyin jikinsu ba tare da ƙarfin da suke kashewa ya ƙaru ba. Daga nan kuwa kowane ƙari da farashinsa. Macen da ke da kilo 55, kashi 20 ɗinta kilo 11 ne. Bido mai lita 25 in ya cika kilo 25 ne, ban da nauyin robar. Ya zarce ninki biyu ke nan. Kuma su matan Kenya a kan shimfiɗa mai tauri aka auna su. Ki haɗa wannan nauyi da rairayi mai ninka aiki, ki ga abin da wuya da ƙugu da gwiwa ke sha a kowace safiya.

Saboda haka in akwai kura ko jaki ko amalanke, a bar musu bido. In babu, sawu biyu da rabin kaya ya fi sauƙi ga wuya da baya, ko da ya ci lokaci. Yarinyar da ba ta wuce shekara goma ba kuwa, nauyin bido cike ya kusa nauyin jikinta gaba ɗaya. Kada a ɗora mata.

Agye: filin lakwal

Daga Cadawa muka shiga mota zuwa Agye, hedikwatar gundumar. Hagu da dama gonaki ne cike da gawo da kalgo da sabara da manoma suka bari suka tsiro, aikin da ƙauyuka irin su Ɗan Saga suka yi suna a kansa. Inda itace ya yi yawa, ganye da saiwa na riƙe ƙasa, ƙafa ba ta nutsewa sosai. Inda aka share fili tas, iska ta tara rairayi a wani gefe, ta bar fako a wani.

A bayan wata makaranta muka tsaya kallon ƴan mata na gudu da safe, wasu da takalmi, wasu ƙafa tsirara, wasu da silifa a hannu. Malamar da ke tare da su ta ce shirin jarrabawar motsa jiki ta BEPC suke yi. Muka ce, "Malama, ai waɗannan ƴan ƙauye ne, kullum cikin tafiya suke. Wane koyon gudu kuma?"

Ta yi dariya ta ce, "Hajiya, numfashi kam suna da shi, sun fi ƴan birni. Sauri ne babu. Wadda ta saba da rairayi takunta gajere ne, tana jan ƙafa. In ta hau fili mai tauri sai ta koyi ɗaga gwiwa. Kuma in ta yi kwana uku a jere a kan tauri, ga ta nan tana kukan ƙwauri."

Wannan magana ta yi daidai da abin da manyan masu gudu suka yi. Herb Elliott, ɗan Ostireliya, a kan tuddan rairayi na bakin teku ya gina ƙarfinsa, amma a fili mai tauri ya ci tseren mita 1,500 a wasannin Olimfik na birnin Rum a 1960, har ya kafa tarihin duniya. A wannan gasar ce Abebe Bikila na Habasha ya ci gudun yada ƙanin wani, kilomita 42, a kan titunan birnin ba takalmi. Ƙafar Bikila ta daɗe da sabawa, ba ranar ya fara ba. Abin da jiki ba ya so shi ne canji farat ɗaya.

Ga uwar da ɗiyarta za ta yi jarrabawa, ga abin da muka tsinta. Kwana biyu a mako ta yi gudu a rairayi don ƙarfi da numfashi. Kwana ɗaya ko biyu ta yi a irin filin da za a yi jarrabawar, da takalmin da za ta sa ranar. Ta fara tun da sauran wata biyu, kaɗan-kaɗan. Kada a sayo sabon takalmi ana gobe jarrabawa, zai fasa mata ƙafa. Kada kuma ta yi gudu da silifa, sai dai ta ɗaure yatsu tana riƙon ta har ta yi tuntuɓe. A rage mata ɗaukar ruwa a makon jarrabawa, ƙannenta maza ba su da ƙafa ne?

Gazawa da Gulbin Kaba

Gazawa da can a ƙarƙashin Agye take, a 2011 ta zama gunduma mai cin gashin kanta. A ƙasarta Gulbin Kaba ke bi ya nufi arewa wajen Mayahi. Gulbi ne da mafi yawan shekara babu ruwa a samansa, sai goruba da kaba, waɗanda mata ke yanka su saƙa tabarma da igiya da faifai. Rairayin kwarin fari ne mai laushi. Da hantsi muka shiga, kafin azahar kowa ta nemi inuwa.

Nan muka ga sharrin rairayi. Na farko zafi. A watan Afrilu da Mayu iska na wuce digiri 40, saman rairayi kuwa ya fi iskar zafi nesa ba kusa ba, har yana ƙona tafin ƙafar yaro. Na biyu abin da yake ɓoyewa: ƙarangiya, tsidau, ƙayar aduwa, fasasshen kwalba, tsohon ƙarfe, kunama. A gudron ido na ganin abin da ƙafa za ta taka, a rairayi sai ta taka ake sani. Na uku, ƙafa ba ta sauka daidai, tana karkacewa hagu da dama. Ga mai lafiya wannan na ƙarfafa idon sawu. Ga wadda ta taɓa yin targaɗe ko mai ciwon agara, yana iya tayar da tsohon ciwo.

Wata mai saƙar tabarma ta nuna mana diddigenta, faso ya yi rami. Ta ce kullum da dare take wanke shi ta shafa man kaɗe, in ba haka ba rairayi ya shige ya hana ta taka ƙasa. Muna ƙara wa maganarta abu biyu. Wadda ƙaya ko ƙarfe ya soka da zurfi ta wanke da ruwa da sabulu, ta je likita a duba maganar allurar tetanos. Mai ciwon suga kuwa kada ta taɓa fita ba takalmi, ko a tsakar gida. Ciwon na kashe jin ƙafa, ƙaya ta shiga ko rairayi ya ƙone ta ba ta sani ba, ƙaramin rauni ya zama gyambo. Ta riƙa duba tafin ƙafarta kowane dare, in ido bai kai ba jika ya duba mata.

Akwai masu biyan kuɗi don su sha wannan wahala. A ƙasar Maroko tun 1986 ake wata gasa a cikin Sahara, wajen kilomita 250 cikin mako guda, kowa da abincinsa a baya. Suna ɗinka wani ƙyalle a kan takalmi don kada rairayi ya shiga, domin in ya shiga shi ke goge fata har ta yi ƙuruwa ta fashe. Da muka ba mai tabarma labarin sai ta ce, "Su zo nan mu ba su bido, kyauta."

Yamma: Maraɗi, Tsibiri, Gidan Rumji

Da muka juyo muka bi ta Maraɗi. Filin kokowar birnin na ɗauke da sunan Kantu, ɗan jihar Maraɗi da ya ci takobin ƙasa na farko a Tawa a 1975. Ku lura, a duk filin kokowa rairayi ake zubawa. Ƙato ya faɗi da dukan nauyinsa ya tashi ya kaɗe jiki. A gudron da sai an kwashe shi. Kuma ku dubi cinyoyin ƴan kokowa, turin rairayi na cikin abin da ya gina su.

Daga Maraɗi hanya ta bi ta Tsibiri, garin Sarkin Gobir, ta nufi Gidan Rumji. Nan ƙasar Gulbin Maraɗi ce, wanda ke fitowa daga ƙasar Katsina, ya bi ta Jibiya da Madarumfa, ya zagaya ya sake komawa Najeriya. Fadamarsa laka ce. Da damina santsi ne, sai an kafa yatsu. Da rani takan bushe ta tsage, sawun shanun da suka bi ta tana ɗanya ya daskare kamar ƙananan turame. Wata ƴar uwarmu da ke aure a can ta ce su ba gajiya suke tsoro ba, targaɗe suke tsoro, musamman da asuba in za a je lambu da kaya a kai. A cikin duk ƙasar da muka taka wannan ta fi wuyar gudu, ga tauri ga rami.

Wadda ta fi daɗin ƙafa kuwa ita ce ƴar hanyar da mutane suka daɗe suna bi a tsakanin gonaki, rairayin da taku ya danne, ko jigawa washegarin ruwa. Ba ta nutsewa, ba ta bugu. In kina neman wurin motsa jiki, irinta za ki nema.

Gefen gudron

Saboda saukin taku, mata da yawa in za su kasuwa sukan bar hanyar cikin gona su hau gefen gudron. Ƙafa kam tana hutawa, amma wannan hanya ta manyan motoci ce, masu tirela da bas-bas da ke zuwa Damagaram, ga kabu-kabu ga amalanke. A Nijar mota na bin hannun dama. Ke mai tafiya ƙasa ki bi hannun hagu, ki fuskanci motar da ke zuwa, ki gan ta ta gan ki. A jera ɗaya bayan ɗaya, yaro ya kasance ta ɓangaren daji. Da magariba a sa hijabi mai haske ko a kunna fitilar salula. In an ji babbar mota a sauka cikin rairayi har ta wuce. Yara masu koyon gudu kuwa, gudron na babbar hanya ba wurinsu ba ne sam.

Sai babbar magana. Ma'aikatar lafiya na lissafa wanda ke cikin kilomita 5 daga likita a matsayin wanda ke kusa. A takarda haka ne. Amma kun ga lissafin da muka yi a baya: kilomita 5 na busasshen rairayi sun fi 10 a jikin mai lafiya, balle mai tsohon ciki ko mai goyon yaro da zazzaɓi. Babur ma na kafewa a ciki. Don haka a auna nisan likita da lokaci, kuma da lokacin rani. Tun ciki na wata bakwai a san amalanken wa za a ɗauka, a riƙe lambar mai babur biyu, a san hanyar da ta fi tauri ko da ta fi zagaye. Wadda ƙauyensu ke can cikin jigawa, in wata ya kama, gara ta matso gidan dangi kusa da likita tun naƙuda ba ta fara ba.

Ga masu zaman shago

Ba dukanmu ke zuwa gona ba. Akwai masu wuni zaune gaban kaskon tuya ko keken ɗinki, jiki ya yi nauyi, hawan jini ya leƙo. Hukumar Lafiya ta Duniya na ba babba shawarar motsa jiki na aƙalla minti 150 a mako, wato minti 30 sau biyar. Ba sai an yi gudu ba. Tafiya da ɗan sauri cikin rairayi ta isa ta sa zuciya aiki, kuma tana sassauta wa gwiwa. A fara da minti 10 bayan sallar asuba ko bayan la'asar sakaliya, da takalmi mai rufe ƙafa, ku biyu ko uku don hira ta rage nisa. A ƙara minti biyar duk mako. In kina iya magana kina tafiya, saurin ya yi. In magana ta gagara, a rage. Wadda ta ji ciwon ƙirji ko jiri ta tsaya, ta je a auna ta kafin ta sake fita. Mai ciki da mai ciwon zuciya su fara tambayar likita.

Wadda kuwa ke wuni tsakanin rijiya da gona da daji, ta riga ta biya nata da riba. Abin da take bukata shi ne takalmi mai kyau, ruwan sha a hanya, abinci mai riƙe ciki kafin fita, da wanda zai kama mata kaya.

Muna roƙon kowace ƙungiya, a zaman mako mai zuwa, bayan an gama abin da ya tara ku, a ɗauki minti goma a yi wannan tambaya: daga ƙauyenmu zuwa likita, da rani, awa nawa ne a ƙafa, kuma wa ke da amalanke? A rubuta amsar a bayan littafi inda kowa za ta gani.

Allah ya ba mu lafiya da ƙafar zumunci. Sai fitowa ta gaba.